Almakashin Fanchon

"Na shiga uku! Wa ya taɓa min siket?"

Muna ɗakin shirin masu rawa. Na sake duban ƙafafuna. Siket ɗin da jiya yake sharar ƙasa, yau ya ɗage da taki guda cur, ga idon sawuna nan a fili kowa na kallo.

Fanchon, telar gidan rawarmu, ta zare allura daga bakinta.

"Ko dai tsawo kika ƙara, Perrine?"

"Daga jiya zuwa yau?"

"Oho! An ce soyayya tana sa mutum girma."

Munafuka! Duk unguwarmu a Paris an san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Aubin, badukun da ke ɗinka mana takalman rawa. Ni kuwa ya zaɓa. Kuma ta san yau mahaifiyarsa, Madam Ursule, za ta zo kallo.

Ranar Lahadi tsohuwar ta gindaya sharaɗinta, muna shan miyar albasa. "Zan zo in ga rawar tsallen nan da kuke kira bale da idona. In na ga abin da bai kamata ba, ko idon sawu ne, to ɗana ba zai auri 'yar tsalle-tsalle ba."

Ina cikin wannan tunani sai ga Aubin da sababbin takalmana a hannu. Yana ganina ya rufe fuska, amma ta tsakanin yatsu yake leƙe.

"Rabin raina... ƙafarki..."

"Na sani!"

"Ashe haka take da kyau?"

"Aubin! Ni ina ta kaina, kai kana ta ƙafa? Ina Mama?"

"Tana layin gaba. Har madubin hangen nesa ta aro."

Wayyo ni! Na roƙi Fanchon wani siket, ta ce makullin akwatin ya ɓata. Ya ɓata, alhali ina jin ƙararsa a aljihunta.

Aubin ya durƙusa ya saka min takalman.

"Sahibata, ki ɗan rage tsawo. Ki lanƙwashe gwiwa, siket ɗin zai taɓa ƙasa."

Kafin in amsa, aka buga sanda sau uku, labule ya tashi.

Na bi shawararsa, kuma har gobe ina jin kunya. Na shiga dandamali a tsugune, ina tafiyar agwagwa. Masu goge suka kalli juna. Wani ɗan kallo daga kujerun can sama ya ɗaga murya: "Baiwar Allah, kuɗinki ne ya faɗi?"

Dariya ta ɓarke. Na hango Madam Ursule ta kafa min madubi, fuskar nan a murtuke.

Raina ya ɓaci. Shekara bakwai ina koyon tsalle in buga ƙafa da ƙafa sau huɗu kafin in dira, ba wanda ya taɓa gani, don tsumma ya rufe komai. Aure dai ya riga ya tafi. To, in za ka sha giya, sha ta dubu!

Na miƙe. Na tashi sama.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Na sake tashi, jajayen takalman Aubin suna walƙiya a hasken kyandir. Sai tafi ya kaure, har mai tambayar kuɗina yana ihu wai a sake.

Ni kuwa labule na sauka na fashe da kuka. Ina son yaron nan, so na gaske, ga shi na rasa shi a kan taki guda na yadi.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas... sandar Madam Ursule ce. Aubin na biye da ita kamar wanda za a kai wa alƙali.

"Ke, 'yar nan. Ciro takalmin."

Na ciro na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Shekara talatin mahaifinka yana ɗinka wa masu rawa takalma," ta ce wa Aubin. "Ban taɓa ganin ko ɗaya yana rawa ba. Har ya koma ga Allah ina yi masa gori, wai aikin da ba mai gani. Irin ɗinkinsa ne wannan. Yau na gani."

Ta share ido. Sai kuma ta kai wa ɗanta rankwashi.

"Dunduniyar hagu ta karkace, sakarai!"

"Mama... to maganar idon sawun fa?"

"Wane idon sawu? Ni takalmi na gani."

Aubin ya damƙi hannuna har sai da na yi ƙara. Tsohuwar ta waiga.

"Wa ya yanke siket ɗin?"

Fanchon ta so shigewa bayan labule, makullin ya tona mata asiri da ƙara.

"Ku... kuskure ne, Madam."

"Kalmasarki ba ta da laifi. Ke za ki ɗinka rigar amarya. Doguwa har ƙasa, don coci za mu."

"To, Madam," in ji Fanchon, kamar ta haɗiyi allura.

Madam Ursule ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, takalmina har yanzu yana rungume a ƙirjinta.

"Amma ki ɗage gaban da yatsa biyu. Ɗana ne zai ɗinka takalmin."