Ramin da Magini Ya Bari a Katanga

Ana gab da magariba, matar Magini tana kwashe shanya daga igiya, Auta tana wanke-wanke a bakin famfo, shi kuwa yana zaune a kan bulo yana kankare busasshen siminti daga cokalinsa na gini. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon kangon ɗakin da ke bayan gida. Ƙwal!

"A'uzu billahi, sun fara," in ji matar. "Auta, bar kwanukan nan ki shige ɗaki."

Ita dai ta saba. Wanda abin ya ɗaure wa kai shi ne maigidan, domin duk jifan da ake yi a gidan nan tun bara, shi ne mai yinsa. Yau kuwa ga hannuwansa biyu a kan cinyarsa.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da aiki ya yi wuya, wani ya yi masa waya ya ce akwai hanyar samu, ba ɗauka ba kaiwa, rami kawai ake so. Magini ya zare bulo ɗaya a katangar kangon nan, ya rarake bayansa, ya mayar da shi daidai yadda ko shi sai ya lalubo. Ta lungun baya wani zai zo ya cusa ƙunshin ƙwayoyi, ya ja layi da gawayi a jikin turken lantarki. Wani daban ya ga layin, ya zo ya ɗauka. Mai ajiyewa bai san mai ɗauka ba, Magini bai san ko ɗayansu ba. Shi aikinsa gadin rami ne da goge gawayi. Don kada iyalinsa su riƙa leƙa kangon, sai ya ce musu akwai mutanen ɓoye a ciki, ya kuma riƙa zagayawa da yamma yana watsa tsakuwa a kan rufi. Wayo ke nan, wai shi. To, tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Daga ranar da dutsen nan ya faɗo, jifa bai sake tsallake magariba ba. Tsakuwa ta koma dutse, dutse ya koma ɓallin bulo, kuma in ka taɓa shi da ɗumi kamar daga murhu aka ciro. Kaji suka daina kwana a bayan gida. In gari ya yi tsit, sai a ji wani siririn kuka daga kangon, irin na jaririn da ya gaji da kuka. Matar ta roƙe shi su tashi. Ya ce ina za su? A ransa kuwa ya san akwai sabon ƙunshi a ramin, ba a zo ɗauka ba tukuna.

Rannan da yamma aka nemi Auta aka rasa. Uwar ce ta same ta a cikin kangon, tsaye, goshinta jingine da katanga, daidai bulon nan. Da aka juyo ta, idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa. Ta daina ci, ta daina magana, sai jijjiga hannuwa take kamar mai rarrashin jariri. Yarinyar da ke cika gida da surutu! Magini ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa tana ramewa.

Matar ba ta nemi izininsa ba, ta je ta kira Malam, wani dattijo marar yawan magana da ke yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya iso rana ta yi ja. Ya zauna a gefen tabarma, ya sa uwar ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu a hankali. An daɗe ba motsi. Can sai Auta ta miƙe zaune ƙyam, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito a dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, alhali ni aka zalunta."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ni ce mai kangon. Tun kafin a sa harsashin gidan nan nake nan, ban taɓa fasa musu ko kofi ba. Aka yi jifa aka ce mu ne, na haƙura. Aka cusa guba a inda ɗana yake kwana, na haƙura. Ledar ta yage, yaro ya lasa. Yana nan kwance, ba ya farkawa." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali har ya tsaya a kan ubanta. "Ɗa da ɗa, Malam. Haka ake yi ko a wurinku."

"Ba haka ake yi ba," in ji Malam. "Wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ki ji tsoron Allah, ki faɗi abin da zai raba ki da ita."

Tsohuwar muryar ta sake fitowa.

"Ya faɗa da bakinsa, a gaban matarsa. Ya fito da abin ya ƙone, ya toshe ramin da hannun da ya haƙa shi. In warin ya bar mana ɗaki, wataƙila ɗana ya tashi. In ya ƙi, zan tafi da tasa kafin duhu ya rufa."

"Baban Auta," matar ta ce, "wane rami?"

Gaba kura, baya siyaki. Kayan ba nasa ba ne, kuma ya san masu shi ba sa jin "yi haƙuri". Ya dubi wuyan Auta da ya zama kamar sillen kara. Sai ya durƙusa ya faɗi komai, har da tsakuwar. Matar ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Kallo ɗaya ta yi masa, ya gwammace mari.

Ya zaro ƙunshin, ya tula masa kananzir a tsakar gida ya kunna. Hayaƙi mai ɗaci ya tashi. Ya kwaɓa siminti, ya liƙe bulon ciki da waje. Da ya dawo ɗaki, tsohuwar muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ɗana ya motsa. Na tafi, Malam, ba zan dawo ba. Amma kai magini, mu mun yi maka gargaɗi da dutse a kan rufi. Waɗanda ka yi wa gadi ba sa jifan rufi."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Jim kaɗan ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji." Uwar ta rungume ta, sai a lokacin kukan ya zo mata.

Washegari da magariba ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Kaji suka koma bayan gida. Auta tana zaune a kan tabarma tana shan ruwan zafi, uwar tana taje mata kai. Shi yana kan bulonsa, ya kasa kunne. Sai ya ji babur ya tsaya a lungun baya. Ya ji hannu yana shafa katanga, yana ƙwanƙwasa bulo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ɗanyen siminti. Babur ya sake tashi, ya zagayo, ya mutu a ƙofar gida.

"Salamu alaikum," in ji wata murya mai ladabi da bai taɓa ji ba. "Maginin yana ciki?"

Ya ajiye cokalinsa a ƙasa. "Shiga da ita ɗaki ki sa sakata," ya ce wa matarsa ƙasa-ƙasa. "Kome kika ji, kada ki buɗe."

Ya tsaya har ya ji ƙarar sakatar, sannan ya amsa sallamar ya nufi ƙofa.