Saura Ke, Noreen

Ranar Talata da yamma Noreen ta zuba takalman mijinta Len a leda, za ta kai shagon da ke karɓar kayan sadaka. Wata huɗu ke nan da binne shi, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Abinci ma sai ta ga faranti wayam take sanin ta ci. Lokacin sanyi ne, tun ƙarfe huɗu duhu ya fara rufe London. Ta gangara tashar ƙarƙashin ƙasa ta shiga jirgin ƙasa.

Shekara talatin ita da Len suna wasan tashoshi. Shirme ne zalla: wannan ya kira sunan tasha, wancan ya kira wata, kowa na ƙirƙiro doka yana murtuke fuska sai ka ce alƙali. "Ba a zuwa Kilburn bayan an ci wake," haka Len zai ce. Ƙa'idar gaskiya ɗaya ce tak: ba a ƙaryata dokar abokin wasa, komai wautarta.

Mutane suka yi ta sauka, har taragon ya rage daga ita sai wani mai baƙar kwat da ya ja hula ya rufe fuska. Warin jiƙaƙƙen tufafi yake yi. A jirgin nan kuwa, ko rigarka ce ta kama da wuta, sai maƙwabcinka ya nemi afuwa kafin ya gaya maka. Amma wannan ya yi magana.

"Holborn," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Temple," bakinta ya amsa, ba da izininta ba.

"Madam ta iya. To, tunda kin zauna a hagu, duk tashoshin bakin kogi sun rufu."

Ta gyaɗa kai. Doka ce.

Suka ci gaba. Duk tashar da ta kira sai ya rufe goma. Na arewa sun rufu saboda ana ruwa. Na kudu saboda ba ta sa safar hannu ba. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji komai ba.

Jirgin ya rage gudu. Ƙafafunsa suka yi ƙara, fitilu suka dusashe. Ya tsaya a wata tasha, babu sanarwa. Ƙofa ta buɗe, warin ruwan kwance da ɗanyar ƙasa ya shigo. A bango akwai suna, wanda ba ya cikin kowace taswira. Ni ma ba zan rubuta shi ba.

"Ita kaɗai ta rage," in ji mutumin. "Wanda ya kira ta, nan zai sauka."

Mutane na tsaye a dandamali, sun juya baya. Ba mai motsi. Na ƙarshensu yana da sanƙo irin na Len, ƙafafunsa babu takalmi.

"Saura ke, tsohuwa."

Muryar Len ce, daga ƙarƙashin hular.

Me ta bari a gida? Butar shayi, da kofi ɗaya. Ta miƙe. Sunan ya hau harshenta, da sauƙin faɗa kuwa.

Sai ta lura ba wanda ya yi dariya.

Len bai taɓa kawo doka ba tare da kafaɗunsa sun girgiza ba. Kuma bai taɓa rufe mata hanya ba, dokokinsa duk na jan wasa ne don kada ya ƙare. Tsoro ya sauko mata lokaci guda, tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Ta ƙanƙame ledar.

"Matar mamaci," ta ce, "in tana riƙe da takalmansa ranar Talata, tana da damar yin tunani. Ba a yanka mata lokaci."

Hular ta ɗago. Babu fuska, sai duhu irin na ramin jirgi.

"Babu wannan do…"

Ya haɗiye sauran maganar, don ba a ƙaryata dokar abokin wasa. Wani wuri ruwa na ɗiga.

"Dokar tana nan," ya ce daga baya. "Yi tunaninki, Madam. Muna jira."

Ƙofa ta rufe, ta tsinke mata maɓallin kwat. Da fitilu suka dawo, taragon cike yake da masu tashi daga aiki, kowa na kallon wayarsa.

A tasha ta gaba ta fito, ta zauna a matattakala ta yi ta kuka, mutane na kauce mata suna ba ta haƙuri.

Tun daga ranar bas take hawa, kuma sunan tasha bai sake fita daga bakinta ba. Jikanyarta Tamsin ta taɓa shimfiɗa taswira a tebur ta ce, "Kaka, zo mu yi wasan nan naku da Kaka Len mana. Ke fara."

Noreen ta daɗe tana kallon taswirar.

"Bari tukuna, 'yar nan," ta ce. "Ina tunani."