Yawan Mai Ba Ya Kashe Inji

A ƙarshen tsohon filin jirgin sama na bayan garinmu, inda kwalta ta ƙare daji ya fara, nan Tuva ta fara ganin Vidar. Yana zaune a kan bonet ɗin wata tsohuwar motar Amurka shuɗiya, hular kwano a cinya, sauro na shagali a wuyansa.

Ita ta zo ne a kan babur mai ƙafa huɗu, za ta jawo motar babanta, Börje. Duk mai tseren mota da iskar naitiros, wadda ke ƙara wa inji ƙarfi, yakan kashe inji da zarar ya ƙetare layi, ya jira a jawo shi da igiya. In ya tuƙo motar da kansa, fulogi ya ɓaci, ba mai iya karanta abin da ya faru a cikin injin lokacin gudu.

"Kai mai shuɗiya, hutawa kake ko mantawa aka yi da kai?"

"Abokina ya ce zai zo ya ja ni. Ina jin mai sayar da naman sosej ya riƙe shi."

Ta kai babanta, ta dawo. Ta tarar ya kwance fulogi ɗaya yana ta jujjuya shi kamar mai duba. Ya miƙa mata.

A wurinmu ba a haka. Fulogin mutum sirrinsa ne, miƙa shi ga ɗan wata tawaga kamar buɗe wa baƙo tukunyar miya ne. Amma ya miƙa, ita kuma ta karɓa.

"Baƙi ƙirin, har da danshi. Wa ya saita maka?"

"Ni."

"Ka shaƙe shi da mai."

"Ai cewa ake yawan mai ba ya kashe inji."

"Cewa ake," in ji Tuva. "Babana ma haka yake cewa tun ban zo duniya ba."

Ta ɗago ido za ta mayar masa da kayansa, sai ta ga ba fulogin yake kallo ba. Ta ɗaura igiya da sauri, ta ƙulla ta a baibai, sai da ta kwance ta sake.

Abin ba wuya. Iskar da ake tura wa inji daga kwalba tana ƙara masa ƙarfi, amma tana neman ƙarin mai daidai ita, kuma kowanne da ɗan ƙaramin jet ɗinsa mai huji da ke auna shi. In mai ya yi kaɗan, fistin da ke cikin inji ya narke. Wannan tsoron ne ya sa tsofaffi suka maida ambaliyar mai addini. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da rarar man ke yi in ta taru a ciki ta fashe ba a kan lokaci ba. Maganar da aka daɗe ana maimaitawa ba ta zama gaskiya don tsufa, amma je ka gaya wa Börje.

Kafin sati ya zagayo saƙonnin waya sun fara tsakanin Vidar da Tuva.

"Barka da safiya, tsohuwata. Na tashi da tunaninki. In na rage jet ɗin mai, lamba nawa zan sauka?"

"Wa ya ba ka izinin ce min tsohuwa? Sauka kaɗan kaɗan, tsoho, kada ka yi haɗama."

"Jiya da kika yi dariya a bakin tafki na manta sunana. Af, da sanyin safiya zafin kwalba ya kai nawa kafin in shiga layi?"

Tuva ta riƙa murmushi a farkon kowane saƙo, tana ɗaure fuska a ƙarshensa, ba ta ma lura ba. Motar Vidar kuwa sai ƙara gudu take. Da tsakiyar bazara, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa a wannan yanki namu na can arewacin duniya, ya wuce Börje a gaban jama'a.

Ranar nan Börje bai taɓa burodin kirfar da aka ajiye masa da kofi ba.

"Yaron nan ba ke yake so ba, 'yata. Kanki yake so, abin da ke cikinsa."

"Baba, ai kaina ma ni ce."

"Kada ki kawo min iya magana. Aji ɗaya muke tsere da shi. Ya zo bai san hagu da dama ba, yau ya wuce ni. Muddin ina numfashi ba zai zauna a teburin nan ba."

Akwai kuma Kennet, mai cika wa mutane kwalba a bayan tirelarsa, wanda Börje ya daɗe yana yaba hankalinsa a gaban Tuva ba tare da an tambaye shi ba. Yana ɗora kwalbarta a kan sikeli ya ce, "Ni dai ba ruwana. Amma bara a kudu, ƙanwar wani mai saitin inji Vidar yake bi. Da ya gama koyon abin da zai koya kuma, ko sallama."

"Ka cika min kwalba, Kennet, ba kunne ba."

Haka ta ce, amma maganar ta bi ta gida. Ta buɗe waya ta bi saƙonnin tun daga farko. Kowanne rabi zuma ne, rabi tambayar gareji. Ta rasa wanne rabin ne ya ɗauko ɗan'uwansa. Sai ta rubuta:

"Vidar, da a ce ban san komai game da inji ba fa?"

Amsa ta zo nan take, alamar bai yi tunani ba.

"To da wa zai duba min fulogi, tsohuwata? Haha."

Daga nan Tuva ta daina amsa masa. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Me na yi?" Ya sake rubutawa, "Wasa nake yi fa." Ya kuma rubutawa, "Ko kwalbar ce na ɗumama fiye da kima kika ji haushi?" Wannan na ƙarshen ya sa ta kifa wayar a kan tebur ta yi kuka, rabi don takaici, rabi don dariya ta kusa ƙwace mata.

Abokinsa mai son sosej ne ya fassara masa, bayan ya ji abin da ake faɗa a filin. Vidar ya yi ta zagaye motarsa. In ya ci gaba da saitinta ya yi nasara, ya tabbatar da zargin Börje. In ya ce zai bar tsere, ba mai yarda. A ƙarshe ya yanke shawarar da ɗan tsere ne kawai zai ɗauke ta a matsayin hankali.

Ranar tseren ƙarshe na shekara, ganye ya fara ja, ya taka har rumfar Börje da hula a hannu.

"Börje, na cire duk abin da Tuva ta gaya min. Kai nake so ka saita min."

Börje ya dube shi sama da ƙasa, ya rasa ko raini ne ko ladabi. Amma wane tsoho ne aka taɓa neman iliminsa ya hana? Ya ɗauko akwatin jet ɗinsa. "Babbar iska za mu ba ta. Mai kuma mu sake masa. Yawan mai ba ya kashe inji."

Tuva ta dawo daga ɗebo ruwa ta hango babanta da kai a cikin shuɗiyar mota. Kanta ya ƙara kullewa. Wato ya gama da iliminta ya koma na uban? Kennet na gefe yana gyaɗa kai kamar ya ci caca.

Fitila ta yi kore. Shuɗiya ta ɗaga gaba ta fita kamar an harba ta. Tana kai tsakiyar fili aka ji ƙara, wuta ta fito ta saman bonet, hayaƙi ya rufe ta. Tuva ba ta san lokacin da ta jefar da jarkar ruwan ba.

Vidar ya fito da ƙafarsa, ba abin da ya same shi. Injin ne ya tashi aiki.

A rumfa Börje ya kwance fulogan da kansa, ya jera su a kan tsumma. Duk baƙaƙe, biyu sun farfashe, da ɓurɓushin fistin a jikinsu. Ya daɗe yana kallo.

"Ba ya yiwuwa. Haka nake saita tawa shekara da shekaru."

"Haka kake faɗa min in saita, Baba," in ji Tuva a hankali. "Ni kuma in ce to."

"Ki ce to, sannan?"

"Sannan in rage."

Börje ya nemi kujera ya zauna. Ita kuma ta juya kan Vidar, idonta jajir.

"Kai kuma ka san haka zai faru?"

"Na zaci zai ɗan rage gudu ne in faɗi tseren. Ban zaci zai fashe ba."

"Don me za ka so ka faɗi?"

"Don ki ga ko ba saitinki ina nan. Yanzu ma ba inji gaba ɗaya. Ba ni da sauran tambaya ko ɗaya, Tuva. Zan iya zuwa gidanku ranar Lahadi?"

"Wawa! Da ka mutu fa?"

"Lahadin fa?"

Ta dubi babanta. Börje bai ɗago daga kan fulogan ba. "Ni na ƙona masa inji," ya ce. "Ko kofi ai na ba shi."

Har yau a garinmu ana ba da labarin injin nan a matsayin shaidar soyayya. Ni ban yarda ba. Shaidar wauta ce, kuma wauta ba ta da wuyar samu a filin tsere. Abin da ya gamsar da Tuva ya zo ne daga baya, ba mai kallo. Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe fili, shuɗiya na kwance a ƙarƙashin tamfol ba ranar tashi. Vidar bai fasa zuwa ba. Ya share ƙanƙarar ƙofar gida, ya sha kayen kati a hannun Börje, ya raka Tuva asibitin dabbobi da tsohon karensu. Labarin ƙanwar mai saiti ma ya fito fili: ƙanwar babar Vidar ce, yakan kai ta kasuwa.

Wata safiya saƙo ya shigo.

"Tsohuwata, za ki aure ni?"

Tuva ta jira ta ga ko wani abu zai biyo baya. Ta gama kofinta, ta wanke kofin. Ba abin da ya biyo.

"Zan aure ka, tsoho."

An ɗaura auren da bazara a ƙaramin cocin katako na bakin tafki, suka shiga tare hannu cikin hannu, tsofaffin motoci sun yi layi har bakin titi. Wurin walima, da ango ya fita waje, maza suka taso sumbatar amarya a kumatu kamar yadda aka saba. Kennet ne a gaba, ya dawo kujerarsa yana share ido yana cewa hayaƙin kyandir ne.

Börje ya buga cokali a jikin kofin gilashi ya miƙe. Ya dubi 'yarsa.

"Na ce yaron nan ba zai zauna a teburina ba. Ya zauna, ya cinye min burodi hunturu guda. Ni yanzu ban san abin da na sani ba. Amma ita ta sani. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya raya abin da za ku haifa, Ya sa ku tsufa tare."

Muka ɗaga kofuna muka ce amin, Tuva ta kwantar da kanta a kafaɗar mijinta.