Satar Hedifon a Shagon Yaya

Ranar Talata, tsakiyar daminar shekarar 1985, Sufeto Gabdo yana cin shinkafa a ofishinsa na Mubi. Tun da aka dawo da shi daga Yola iyalinsa ba su biyo shi ba, don haka a kan teburin aiki yake cin abinci. Kofur ya leƙo ya ce an yi sata a wani shagon rediyo kusa da kasuwa. Sufeto ya rufe kwano ya ɗauki hula.

Mai shagon, Yaya, yana bakin ƙofa yana ta faɗa. A ciki kuma Dorcas, wadda ke masa tsaron shago, tana zaune a benci idanunta sun yi ja.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Hedifon, ranka ya daɗe. Abin nan da ake rufe kunnuwa da shi a ji kaset. Babba ne, guda ɗaya tak na kawo daga Garwa. Ya fi rakoda tsada."

"An fasa ƙofa?"

"Ko kusa. Shi ya sa na ce ita ce. A tafi da ita kawai!"

Kwalin hedifon ɗin yana nan a kan kantar shagon. Sufeto ya buɗe, sai ya ga wani ɗan ƙaramin hedifon mai siririyar waya a ciki.

"Wannan fa?"

"Mai araha ne, irinsa ma ina sayarwa. An cire nawa an sa shi."

Sufeto ya juya shi a hannu. Soson kunnen ya lotsa, ya yi duhun gumi. Ya dubi rediyoyin da ke jere, babu wadda aka taɓa. Wanda ya bar duk wannan, ya kuma ajiye nasa a madadi, ba sayarwa zai yi ba. Ji yake son yi.

A ofis ya zaunar da Dorcas.

"Wa ya taɓa gwada babban?"

"Ba kowa, yallaɓai. Oga ya hana."

"Na ga rakodar da kuke gwaji da ita. An soka mata adafta, wadda babban filogi ke shiga. Ƙananan hedifon ba su buƙatar ta. Don wa aka soka?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ɗanjuma mai disko. Ya roƙe ni, na bar shi ya ji."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai," ta ce da sauri, ba ta dube shi ba.

Ya ce ta jira a bayan kantar ofis, ya hau babur ya nufi Sabon Layi.

Ya sami Ɗanjuma, mai sa kiɗa a wuraren biki, yana ɗaure wayar sifika a zaure.

"Ni rabona da shagon Yaya tun Kirsimeti," in ji shi.

"Dorcas ta ce ka gwada babban hedifon."

Ɗanjuma ya ajiye wayar. "To, na gwada. Amma oga, ko kyauta aka ba ni ba na so."

"Mai tsada irin wannan?"

"Tsada daban, kunne daban. Kowane hedifon da halinsa. Wani ganga yake ɗagawa, wani ƙarar ƙarfe. Ni so nake ganga ta doki ƙirjina." Ya nuna wani baƙi da ke rataye a ƙusa. "Ga nawa can, bai kai rabin kuɗin wancan ba, kuma ya ishe ni. Na Yaya murya yake fitarwa. Har numfashin mai waƙa za ka ji."

"Wa ka sani mai neman murya?"

Ɗanjuma ya sosa kai. "Akwai wani tsoho, Malam Ezekiya. Da can yana koyarwa a firamare, a Lamorde yake. Kullum kaset ɗaya ne a aljihunsa. Babu hedifon ɗin da bai gwada ba a shagon nan. Ranar da ya sa babban ina wurin. Na ga ya cire tabarau yana share ido. Da ya ji kuɗin, sai ya sayi ƙarami ya tafi."

An ɗauke ruwan la'asar ke nan Sufeto ya isa Lamorde. Ciyawa ta cinye tsakar gidan, murhu ya daɗe bai ga wuta ba. Ya yi ta sallama, shiru. Ya ɗaga labule.

Tsohon yana zaune ya ba ƙofa baya, ƙaramar rakoda a cinyarsa, babban hedifon a kansa. Idanunsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Sai da Sufeto ya dafa kafaɗarsa sannan ya zabura.

"Baba, ni ne Sufeto Gabdo. Ina ka sami wannan?"

"Saye na yi."

"A wajen wa?"

Tsohon ya kau da kai yana duban rakodar.

"Dorcas tana hannunmu. Mai shago ya ce ita ta sata. Ta ƙi faɗin sunanka, kuma gobe kotu za a kai ta."

Malam Ezekiya ya sauke hedifon ɗin a hankali.

"Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta juya za ta ba wani batir, ni na musanya. Ku sake ta."

"Me ya kai ka, Baba?"

Ya shafa rakodar. "Matata, Liyatu. Bara ta rasu. Tana cikin zumuntar mata a cocinmu, wani ya ɗauki waƙarsu a wannan kaset. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, kuma a layin baya take tsayawa. In na kunna a sifika, taron mata kawai nake ji."

Ya numfasa.

"Na tara abin da zan iya daga fansho, na ce zan zaɓi wanda ya dace da aljihuna. Na gwada wani, tulun da suke bugawa ya danne kowa. Na gwada wani, sai ƙarar caki kamar ana soya gyaɗa. Ƙaramin nan ya ɗan fi su, na saya. Na kawo gida na yi ta neman ta a ciki, ban same ta ba. A wannan kaɗai take fitowa. Na san sata ce, ɗana. Shekaru na yi ina dukan yara a kan satar alli."

Ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan, ya miƙo hedifon ɗin.

"Ka ji, don ka san ba hauka nake ba. Kunnen hagu."

Sufeto ya yi kamar zai ƙi, sannan ya cire hula ya sa. Ɗakin ya ɓace. Mata suna rera waƙa, tulu yana amsawa. Can gefen hagu wata mace ta ja numfashi, ta shigo da murya mai kauri, ta ɗan makara kaɗan a bayan sauran. Ya tsaya har baitin ya ƙare.

"Na ji ta," ya ce.

Ya naɗe wayar ya sa hedifon ɗin a jaka, domin shi ne shaida. Ya buɗe rakodar ya zaro kaset ɗin.

"Wannan ba na sata ba ne. Riƙe abinka."

Tsohon ya sa shi a aljihun gaban rigarsa ya ɓalla maɓalli. Ya fito ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya tsaya da makulli a hannu.

"Wa za ka bar wa?" in ji Sufeto.

Malam Ezekiya ya dubi gidajen maƙwabta, ya dubi hanya.

"Babu mai zuwa," ya ce.

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya tura babur ɗinsa da hannu, suka gangara cikin taɓo a ƙafa zuwa ofis, tsohon yana gaba.