Kwallin da Aka Sa wa Kyamarar Alkasum

Duk wanda ya zauna unguwar Birni a Damagaram cikin shekarun nan ya san Alkasum mai ɗaukar biki, dogon nan da ke ratsa mata da kyamara a kafaɗa yana roƙon amarya ta ɗago kai. Sana'ar tana ciyar da shi da matarsa Ramlatu da 'yarsu tilo, Ummul Khairi, wadda ba ta daɗe da shiga lekol ba, wato makarantar boko. Amma Alkasum ya raina abin da ke hannunsa. So yake ya yi babban fim, irin wanda uwa da uba da yara za su zauna su kalla tare, a kan wata yarinya da ta bi sawun raƙumin kakanta da ya ɓace. Labarin kam yana da daɗi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai duk attajirin da ya kai wa, shayi yake ba shi ya raka shi bakin ƙofa.

Da haƙurinsa ya ƙare, wani a fadarsu ta shan shayi ya raɗa masa labarin wani tsoho, Tahiru, da ke zaune cikin wani kogo a duwatsun bayan Zermu. Aka ce wa Alkasum ya je wurinsa da kyamararsa.

Da rana tsaka ya isa, amma kogon duhu ne, ga sanyi kamar cikin randa. Tukwane a kife sun yi layi, kowace da jan ƙyalle ɗaure a wuya. Ƙahonin awaki na rataye, gashin baƙar kaza ya manne a bango da busasshen jini, wani hayaƙi mai ɗaci na fita daga kasko ba tare da an ga wuta ba. Tsohon bai amsa sallama ba. Hannu kawai ya miƙo ya karɓi kyamarar, ya daɗe yana leƙa gilashinta.

"Wannan aba tana da ido, amma ba ta taɓa ci ba," in ji shi. "Zan sa mata kwalli. Duk wanda ya ga abin da ta ɗauka, sai ya buɗe maka aljihunsa."

"Me zan biya, Baba? Rago? Sa?"

"Ba ma son yanka. Ido ne zai ci. Abin da ya fi daɗewa yana kallo, nasa ne."

Sai dabara ta zo wa Alkasum. "Ko dabba ce?"

"Na ce abin da ya fi daɗewa yana kallo. Ka yarda, ko ka ɗauki kayanka?"

Alkasum ya yi murmushi a ransa. Ai raƙumi ne jigon fim ɗin, kusan babu fitowar da ba ya ciki. Ya ce ya yarda. Tsohon ya tsoma tsinke cikin wani ƙaramin tandu, ya zagaye bakin gilashin da baƙin abu, yana magana ƙasa-ƙasa da wasu da Alkasum ba ya gani. Haka ya sauko daga dutsen yana jin ya yi wa aljanu wayo, bawan Allah.

Abin ya ci kuwa. Ɗan guntun gwaji ya ɗauka ya nuna, sai ga waɗanda suka kore shi jiya suna layi a zaurensa. Ya sayi mota, ya tayar da bene. Ya sa aka gina ƙauye guda na fim a hanyar Gouna, aka kawo fitilu da injin wuta, aka sayi amalen raƙumi fari tas. Daga Kano aka ɗauko wata yarinya 'yar wasa mai suna Aliya, tare da uwarta. Alkasum ya daina riƙe kyamara, ya bar wa abokin aikinsa Amos. Shi yanzu babban mutum ne, yana yawon cin abinci da masu kuɗi, sai an shirya komai yake zuwa ya ba da umarni.

Aikin bai taɓa tafiya daidai ba. Ruwan sama ya rushe rabin ƙauyen, injin wuta ya ƙone, 'yan wasa suka yi yaji. Alkasum bai damu ba, kullum raƙumin yake dubawa yana jiran ya ga ya fara ramewa. Raƙumi kuwa sai ƙiba yake yi.

A gida ne ake ramewa. Ummul Khairi, da hutun lekol ya sa take bin uwarta wurin dafa wa ma'aikata abinci, ta daina surutu, ta daina dariya. Idanunta suka dushe. Lokotoro a asibiti ya auna jininta ya ce bai ga komai ba.

Wata safiya Alkasum ya yi sammako zuwa wurin aiki, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tarar da 'yarsa tsaye cikin rana a kan wani zane da aka yi a ƙasa, kyamara na fuskantarta.

"Amos, me take yi a nan?"

"Haske muke daidaitawa, maigida. Uwar Aliya ba ta yarda 'yarta ta tsaya a rana sai an gama shiri, raƙumi kuma ba ya tsayuwa wuri ɗaya. Tsayin Aliya ɗaya da na Ummu, shi ya sa kullum ita ke tsaya mana, tun ranar farko. Yarinyar kirki, ko motsi ba ta yi."

Ɗaukar fitowa ɗaya ba ta wuce ɗan lokaci, amma daidaita haske yana cin rabin yini. Alkasum ya fi kowa sanin haka. Ya ruga ya sungumi 'yarsa, ya ji ta ba nauyi kamar faifai.

"Baba, na tsaya daidai?" ta tambaye shi.

Ya koma duwatsun Zermu ya tarar da kogon wayam, ko tukunya ɗaya babu. Kafin ya dawo gida an rufe mata fuska. Rabin Birni ne suka raka ta makabarta.

Masu kuɗi ba su san makoki ba, suka matsa sai an fito da fim da Sallah. Ranar nunawa zauren ya cika da iyaye da yara cikin sababbin kaya. Aka kashe fitilu. Duk inda ya kamata Aliya ta fito, Ummul Khairi ce a tsaye, hannuwa a gefe, tana kallon jama'a, tana jira a ce mata ta motsa. Waɗanda suka ɗauki gawarta suna zaune a wurin. Wata mata ta fara salati, iyaye suka rufe idanun 'ya'yansu suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya neman kuɗin shigarsa. Ba a sake nuna fim ɗin ko'ina ba. Bene ya tafi, mota ta tafi, Amos ya bar sana'ar gaba ɗaya.

Ni dai abin da zan faɗa wa mai kwaɗayin da ke shirin hawa dutse ke nan: za ka je da lissafinka, kana ganin ka ware abin da za ka iya rasawa. Ba kai ke zaɓa ba. Abin da ka bari a gida ba ka waiwaya ba, shi za a ɗauka, kuma ba a mayarwa ko ka yi kukan jini.

In kana shakka, bi ta lungun da suke haya yanzu da hantsi. Za ka ga Ramlatu tsaye a tsakar gida cikin rana, ta ja zane a ƙasa, ta bar wurin mutum ɗaya a gefenta. Ba ta ci sai an ba ta a baki. Alkasum yakan ɗaga tabarma bisa kanta don ya yi mata inuwa, hawaye na bin gemunsa, ita kuwa sai ta ture hannunsa a hankali.

"Matsa, Baban Ummu," take cewa. "Kana tare mata haske."