Baƙin da Suka Shiga Rawarmu

Takalmi aka aike ni karɓowa, shi ke nan. Ilinka 'yata ta kai jajayen takalmanta na rawa wurin baduku a sake musu dunduniya, ta manta da su, kamar yadda take manta komai in ban da madubi. Na sauke tuwon masara na rufe, na biya ta gidan baduku, na ɗaure igiyoyin takalman na rataya a wuya, na nufi makiyayar bayan coci. Rana ta kusa faɗuwa, shanu na shigowa gari.

A makiyaya ake gwaji ran nan domin ana fentin zauren taro, ga shi ranar Lahadi za mu yi gasar rawa a birni. Ni ma ina cikin masu rawar, da shekaruna da ƙibata.

Malama Otilia ce ta mai da mu haka. 'Yar ƙauyenmu ce. Ta tafi Bukares, babban birninmu, tana yarinya, ta yi shekaru tana rawar bale, irin wadda ake tsayawa a kan yatsun ƙafa, har gwiwarta ta dama ta lalace, ta dawo gidan uwarta tana dogara sanda. Ta ɗauki hora, rawarmu ta kaka da kakanni da ake riƙe hannu a yi zobe, ta ce za ta gyara mata zama. Ta sa aka kafa dogon ƙarfe a jikin bango. Maƙeri da mai sayar da cuku da matar limamin coci, duk muka jeru muna riƙe da shi muna lanƙwasa gwiwa. Dokarta ɗaya ce, ba a duban ƙasa. Wanda ya sunkuyar da kai zai ji sanda a ƙarƙashin haɓa.

"Yaya Veta, me kika yar a ƙasa? Ƙafarki ta san hanya, ba ta neman rakiya."

Na sha zaginta a zuci, amma ina sonta. Ita ce ta fara nuna mini cewa ina da wuya.

Ita ma hora tana da nata dokokin tun kafin a haifi Malama. Duk wanda ya taɓa kafaɗarka, ka saki hannu ka ba shi wuri, ba a tambayar daga ina yake. Kuma ba mai fita sai goge ya yi shiru.

Makon Rusali ne, makon da matan aljanu, Kyawawa, ke yawo. Haka muke ce musu, ba ma kiran sunansu na gaskiya. A wannan makon kowa a ƙauye, har Malama, yana da tafarnuwa da ganyen tazargade a aljihun rigar aikinsa, don kariya daga gare su. Ba wanda ya manta. Tsautsayin kawai shi ne gwajin ƙarshe ne, da kayan gasa ake yi. Kayan gasa kuwa ba su da aljihu.

Tulin rigunan aiki na fara gani a gindin bishiya, an ninke su tsaf.

Sai ƙauri ya buge ni, na ɗanyar ciyawa mai ƙonewa. Ba wuta, ba hayaƙi.

Gogen Baba Tanase na gudu fiye da yadda hannun tsoho zai iya. Zoben ya yi faɗi, mu ba mu kai haka yawa ba. A tsakanin mutanenmu akwai dogayen mata cikin fararen riguna, gashi a sake har ƙugu, kyau kamar su suka yi kansu. Na ce a raina baƙi ne daga wani ƙauye, an ba su wuri yadda aka saba.

Sai na dubi ƙasa, tunda ni ba na cikin layi.

Ƙafafunsu ba sa taɓa ciyawa. Duk inda suka gitta, ciyawar sai ta nannaɗe ta yi baƙi.

Mutanenmu kuwa haɓa a sama, baya a miƙe, yadda aka koya musu. Hawaye na bin fuskar Gogu maƙeri, ƙafarsa na ta dukan ƙasa. Ilinka ba takalmi. Biyu daga cikin matan ne ke riƙe da ita, dama da hagu. Tafin ƙafarta ya tsage, kowane taku sai ya bar jini.

"Yaya Veta."

Raɗa ce, daga ƙasa. Malama ce a yashe kusa da bishiya, leɓenta a fashe.

"Na je raba musu hannu suka jefo ni. Kar ki yi ihu. In sun ji ihu ƙara sauri suke."

"'Yata, Malama."

"Na gan ta. Je ki tsai da gogen."

Na ruga wurin Baba Tanase. Idanunsa a buɗe, yatsunsa sun yayyage, jini na bin tsarkiya yana ɗiga a gwiwarsa.

"Fasa shi, 'yar nan," ya ce ta tsakanin haƙora. "Hannun ba nawa ba ne."

Na fizge gogen na maka shi a kan dutse. Ya tarwatse.

Kiɗan bai tsaya ba. Daga sama yake saukowa, daga cikin ganye.

Na ji ƙas. Ƙafar matar limami ce ta karye a idon sawu. Ba su bar ta ta faɗi ba. Suka ci gaba da jan ta, ƙafar na lilo. Gogu ya durƙushe, suka ja shi a kan gwiwoyinsa, tsakuwa na yankarsa.

Malama ta dafa sanda ta miƙe. Ta zaro tafarnuwa da tazargade daga aljihunta ta danƙa mini, don ni ma kayan gasa ne a jikina. Ta dubi zoben ta ce:

"Rawa suke so, to ga rawa. Da sun saki hannu, ja 'yarki ki gudu. Kar ki waiwayo."

"Da wannan gwiwar, Malama?"

"Rufe mini baki, uwar surutu."

Ta yar da sandar. Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannuwa ta shiga tsakiya.

Ban taɓa ganin rawarta ba, da baki da sanda take koya mana. Ta miƙe a kan yatsun ƙafa cikin takalminta na zane. Ta ɗaga hannu. Ta fara juyi, kanta na wulgawa yana dawowa wuri ɗaya.

Kiɗan ya yi tuntuɓe. Kawunan matan suka juya gare ta.

Ɗaya ta saki hannu. Sai wata. Sai wata. Mutanenmu suka riƙa zubewa kamar buhuna, masu iya rarrafe na jan marasa iyawa.

Ta dama ta saki Ilinka.

Ta hagu ba ta saki ba.

Na kama ƙugun 'yata na ja. Ko motsi. Matar ta juyo ta yi mini murmushi, numfashinta na warin tsohuwar rijiya. Na cusa tafarnuwa tsakanin hannayensu. Na ji cuu, fatar Ilinka ta tashi. Matar ta sassauta, amma yatsun 'yata ne suka ƙi buɗewa. Sun sandare a kan nata.

"Inna," in ji Ilinka, haɓarta har yanzu a sama, "ba a fita sai goge ya yi shiru."

Zoben ya fara matsewa, yana tafiya da ita.

Na ciro takalmin daga wuyana. Sabuwar dunduniya ce, ta ƙarfe.

Na doki yatsun 'yata.

Na sake doka, na sake, ina kuka, har na ji ƙashi ya karye.

Hannun ya buɗe. Na saɓa ta a kafaɗa na zura da gudu.

Na waiwaya, don ni ban taɓa jin magana ba. Sun kewaye Malama. Gwiwarta ta lanƙwashe ta inda gwiwa ba ta lanƙwasawa, amma tana juyi, haɓa a sama.

Sai wani ya kai ga igiyar ƙararrawar coci. Da bugun farko kiɗan ya yanke.

Maza suka koma suka ɗauko Malama a tsakiyar baƙin zobe, da ranta, ƙafafunta biyu a kakkarye. Ciyawa ba ta sake fitowa a wurin ba. Ba mu je gasa ba.

Yanzu daga keken guragu take koyarwa, sandar na kan cinyarta. Ta sa an ɗinka aljihu a kayan gasa duka. Haɓa a sama tana nan, sai dai an yi mata ƙari: kafin ka ba kowa hannu, dubi ƙafarsa. Yatsun Ilinka sun warke a karkace. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, amma duk sa'ad da na ga ta kasa ɗaure maɓalli sai zuciyata ta yi zafi.

Bara muka yi bikinta. Ana hora a tsakar gida da yamma, ina riƙe da hannunta na hagu, sai aka taɓa kafaɗata. Hannu ne mai laushi, mai sanyi. Na dubi ƙasa. Na ƙara damƙe karkatattun yatsun 'yata har ta ce wash, na ci gaba da taka rawata. Ban ba da wuri ba.

Har yau tsofaffi na gulmata, wai Veta ta kunyata baƙuwa a bikin 'yarta. Su ba su dubi ƙasa ba.