Wasiƙar da Aka Saka a Fayil Ɗina

"Karanta min, Eskil!"

Na dangwarar da takardar a kan teburin mahaifiyarsa, tsakanin butar kofi da farantin waina mai cuku. Saura mako biyar a ɗaura mana aure a cocin garinmu.

Ya kalli takardar, bai taɓa ta ba. Kunnuwansa suka yi jawur.

"Tiril ɗina... zauna tukuna, ƙafarki..."

"Yau ka tuna ina da ƙafa? Na ce karanta!"

"Haba Tiril, Lahadi ce fa," in ji mahaifiyarsa Ragnhild, tana zuba kofi kamar ba a yi komai ba. "A gidana ba a ihu."

Shekara biyu ke nan da igiyar jirgin ruwa ta naɗe min ƙafar hagu a wurin kiwon kifin da nake aiki a bakin teku. Ƙashi ya ɗore, jijiya ta ƙi. Daga gwiwa zuwa yatsu ji nake kamar ana zuba min tafasasshen mai. Tsohon likitana ya yi ta gwaji har ya samo abin da ya karɓe ni: maganin jijiya safe da yamma, ƴar ƙaramar ƙwaya mai ƙarfi dangin mofin idan ciwon ya taso, da gashi a ruwan ɗumi duk Talata. Da haka na koma aiki. Da haka har na yi rawa ranar da Eskil ya saka min zobe.

A watan Fabrairu tsohon ya yi ritaya. Sabon likitan ya kira ni, bai ko ɗaga ido daga kwamfuta ba, ya ce za a janye ƙwayar cikin mako uku.

"Saboda me?"

"Mun samu bayani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Wata uku na yi a wuta. Ko safa ba na iya sakawa, aiki ya gagara, na rame har rigar auren sai da aka rage ta sau biyu. Kuma wa ke ɗauka ta daga kujera zuwa gado? Eskil. Shi ke dafa min miyar kifi, shi ke share min hawaye yana cewa, "Yi haƙuri zuciyata, likitocin nan ba su da imani."

Ni kuwa sakarya, har godiya nake yi masa!

Shekaranjiya Juma'a layina ya zo a sashen masu ciwon da ba ya warkewa, can babban asibitin birni. Likita Aune, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce akwai allurar da ake yi wa jijiyar kai tsaye, tana ganin za ta taimaka min.

"Sai dai ba zan iya ba ki rana ba," in ji ta, "sai sashen masu shaye-shaye sun gan ki. Saboda wasiƙar nan."

"Wace wasiƙa?"

Mu mutanen nan muna da wata ɗabi'a. Gara mu rubuta wa hukuma shafi uku da mu kalli maƙwabci mu ce masa karenka yana damuna. Wasiƙar damuwa ake kiranta, kowa na iya aikawa a kan kowa. Amma doka ta ba ni damar ganin abin da ke fayil ɗina, don haka na ce a buga min.

Wai sau biyu aka tsince ni a sume a banɗaki. Wai ina haɗa ƙwaya da giya. Ni da ko ɗigo ban sha ba tun ranar hatsarin! A ƙasan wasiƙar kuma ga sunan Eskil, cikakke.

"Yaushe na suma, Eskil?" na tambaye shi, ina dafe da teburin. "Gaya min ranar."

"Ba ki suma ba," ya ce a hankali.

"To me ya sa?"

"Tsoro na ji! Ranar Kirsimeti kina gyangyaɗi a kan tebur, cokali a hannunki. Na yi ta karanta labarin mutanen da ƙwayar nan ta kashe... Tiril, na rantse sonki ne ya sa."

"A makon aka ƙara min maganin jijiya, shi ke sa barci. Da ka tambaye ni da na gaya maka!"

"Ni dai ƴaƴa uku na haifa ko farasitamol ban sha ba," Ragnhild ta tsoma baki. "Iska mai kyau da hawan dutse, shi ne magani. Ɗana ba zai auri kantin magani ba. Kuma Vilde ta san aikinta."

Na juya a hankali.

Vilde ma'aikaciyar jinya ce, tsohuwar budurwarsa, wadda har yau Ragnhild ke wasan zamiya a kan ƙanƙara da ita duk Asabar.

"Me ya kawo Vilde cikin maganar ƙafata?"

Eskil ya sunkuyar da kai. "Ita ta ce in na rubuta gyangyaɗi kawai ba wanda zai kula. Sai an ƙara wani abu..."

"Ka iya zuwa wurin Vilde, ka iya zuwa wurin likita, amma ni da muke kwana ɗaki ɗaya na yi maka nisa?"

"Masoyiyata..."

"Kana ganina ina cizon matashin kai! Kana riƙe da hannuna, ka san kai ne, ka yi shiru wata uku!"

Ya fashe da kuka. Abin haushi, sai na ji zuciyata tana son in rarrashe shi. Na tsani kaina a lokacin.

"Gobe za ka kai ni birni," na ce. "Ka faɗa wa Likita Aune da bakinka."

"Eskil, kada ka wulaƙanta kanka," in ji Ragnhild.

"Mama, ya isa."

Shi ne karo na farko da na ji ya katse ta, sai dai ya makara.

Tafiyar awa uku ce har da tsallaka ruwa a jirgin fito. A cikin jirgin ya sayo min koko mai zafi, na bar shi ya huce a hannuna.

A gaban likita bai ɓoye komai ba. Ya ce suman ƙarya ne, giyar ma ƙarya ce, ya faɗi wadda ta ba shi shawarar. Likita Aune ta rubuta duka, sannan ta cire tabarau.

"Malam, damuwarka ba laifi ba ce, maganin nan yana da haɗari da gaske. Da ka zo tare da ita, da mun zauna mu uku mun duba. Yanzu ka ba mu wuri."

Da ya fita ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce allura ranar goma ga wata, zan koma gashin ruwan ɗumi, za a ba ni ƴar na'urar da ake mannawa a fata don rage zugi. Ƙwayar kuwa mu biyu za mu tsara ta, sannu a hankali, ba da fizge ba.

Wata uku ba wanda ya yi min magana kamar mai hankali. Sai a nan hawayena suka zubo.

"Ranar allurar ba za ki iya tuƙi ba," ta ce. "Wa zai kawo ki? Shi?"

Na hango shi ta gilashin ƙofa, a zaune ya rungume rigar sanyina. Har yanzu ina sonsa, kuma wannan ya fi ƙafar ciwo.

"A'a. Rubuta lambar yayata."

Na fito ina ɗingishi. Ya miƙe da sauri ya riƙe min rigar na saka hannu, kamar kullum. Na zare zoben na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai.

"Tiril, don Allah! Ai na faɗi gaskiya!"

"Ka faɗa. Bayan na kama ka."

"To ko gida ne bar ni in kai ki. Ƙafarki ba za ta..."

"Akwai bas ƙarfe huɗu, Eskil. Ƙafata kuma daga yau ni za a riƙa tambaya."